Gidan Da Ba A Gama Gininsa A Zamani Ɗaya

Duk wanda ya lura da yadda mai albashi yake gina gida a garuruwanmu ya san aiki ne na shekaru. Bana a sayi fili a bayan gari, baɗi a zagaye shi da katanga, shekarar da ke biye a haƙa harsashi. Bulo ɗari biyu a wannan wata, buhun siminti goma a wancan, tifar yashi idan an samu rara, har a lallaɓa a kai linta. Da zarar an rufa ɗaki biyu da banɗaki sai iyali su tare, a huta da kuɗin haya, sauran aiki kuma ya ci gaba mutane suna ciki. Mai hangen nesa tun ranar haƙa harsashi yake ce wa birkila ya zurfafa, ya sa rodi mai kauri, domin wata rana za a ɗora bene. Shi ya sa kake ganin ƙarafa a tsaye bisa gidaje da yawa, suna jiran yaron da yanzu yake firamare ya girma ya ƙarasa.

A wannan irin gini akwai ilimin da manyan cibiyoyin binciken kimiyya na duniya suke rayuwa da shi. Cibiyar da ta fi nuna haka ita ce Fermilab, babbar cibiyar gwamnatin Amurka ta binciken ƙananan ƙwayoyin da aka yi komai da su, waɗanda suka fi zarra ƙanƙanta. Tana kusa da garin Batavia a jihar Illinois, yamma da birnin Shikago. Na'ura ɗaya daga cikin irin waɗanda take ginawa tana cin shekara 15 zuwa 20 tsakanin tunani da kunnawa, alhali kuɗinta majalisar dokoki ce ke yankawa shekara-shekara. Wato aikin na shekara ashirin ne, aljihun kuwa na wata goma sha biyu. Wanda ya gina gida da albashi ya san wannan hali sarai, ya kuma san cewa tsari na gaskiya ya wuce zana gida mai kyau a takarda. Tsari shi ne a san abin da za a fara da shi, a san abin da za a haƙura da shi, a kuma bar wa na baya wurin ɗorawa.

Fili da harsashi

An kafa cibiyar a 1967, aka ba ta fili mai faɗin eka 6,800, tsoffin gonaki ne a da. Shugabanta na farko, Robert Wilson, mutumin jihar Wyoming ne, kuma a 1974 aka sa mata sunan Enrico Fermi, masanin fiziks ɗan asalin Italiya. Aikin farko shi ne gina zobe a ƙarƙashin ƙasa mai kewayen kilomita 6.3. A cikin zoben akwai bututun da aka zuƙe wa iska, kewaye da manyan maganaɗisu. Ana sako ƙwayoyin furoton a ciki, lantarki yana ingiza su, maganaɗisu yana lanƙwasa hanyarsu, suna zagayawa har gudunsu ya kusa kai na haske, sannan a gwara su da wani abu a duba tarkacen da zai fito. Daga wannan tarkace ake gane abin da ke can cikin cikin halitta.

Wilson ya gama zoben a 1972, kafin wa'adin da aka ba shi, kuma bai cinye kuɗin da aka ware duka ba. Amma abin da ya fi burge ni a aikinsa wani abu ne da ba a ganinsa a ranar buɗewa. Ya sa an bar sarari a cikin ramin, a ƙarƙashin jerin maganaɗisun farko, domin wani zobe na biyu da za a yi da wata fasahar da a lokacin ba ta nuna ba, wato maganaɗisun da ake sanyayawa har wayarsa ta daina tauye lantarki kwata-kwata. Babu masana'antar da ta iya ƙera irinsa da yawa a wancan zamani, babu kuma kuɗinsa a kasafi. Duk da haka ya bar rodin a tsaye.

Da Leon Lederman ya karɓi ragama, ya tarar da gida a rabe. Wasu suna son a yi amfani da zoben da ke akwai a fara gwara ƙwayoyi nan take don kada Turai ta riga su, wasu suna son a mai da hankali kan sabon zoben. A watan Nuwamba na 1978 ya tara su, kowane ɓangare ya kawo hujjarsa a gaban masana uku da aka gayyato daga waje, aka yanke hukunci a kan sabon zoben. Helen Edwards tana cikin waɗanda suka jagoranci ginin, kuma a 1983 na'urar da aka sa wa suna Tevatron ta fara aiki da maganaɗisu kusan 1,000, a daidai sararin da Wilson ya bari. Ta yi sama da shekara ashirin babu kamarta a duniya. A cikinta aka gano ƙwayar da ake kira top kwak a 1995, ƙwaya ɗaya tak da nauyinta ya kusa kai na zarrar zinariya. Daga yanke shawarar barin sarari zuwa wannan gagarumin sakamako an haura shekara ashirin da biyar, kuma Wilson ya daɗe da barin kujera. Mai harsashi daban, mai ɗora bene daban, mai kwana a benen daban.

Kangon Teksas

Kowace unguwa tana da kangon da ake nuna wa yara. Mai shi ya samu kuɗi a wata shekara, ya zana gida mai ɗaki ashirin, ya tashi dukkan bangaye lokaci guda, sai kasuwa ta juya. Ba ɗakin da ya rufu, damina ta sauka a kan bulo, ciyawa ta fito a falo. Da ya rufa ɗaki biyu da farko, da yau yana ciki.

Kimiyyar Amurka tana da irin wannan kango a kusa da garin Waxahachie na jihar Teksas. A 1987 Shugaba Ronald Reagan ya amince da gina na'urar da ake kira SSC, zobe mai kewayen kilomita 87, wanda zai ninka ƙarfin Tevatron sau ashirin. Jihar Illinois ta nemi a gina shi a jikin Fermilab, inda akwai ƙananan na'urorin da za su ciyar da shi da ma'aikatan da suka goge, amma a 1988 aka zaɓi sabon fili a Teksas, inda komai sai an fara daga tushe. An fara da ƙiyasin dala biliyan 4.4, kafin 1993 ana maganar sama da biliyan 10. An sa rai ƙasashen waje, musamman Jafan, za su kawo gudummawa mai tsoka, amma an riga an zana gida an zaɓi fili kafin a tuntuɓe su, kuma da wuya mutum ya zuba dukiyarsa a ginin da ba a yi shawara da shi ba. Yaƙin cacar baka ya ƙare, gibin kasafi ya dami 'yan majalisa. A watan Oktoba na 1993 majalisa ta soke aikin, bayan an kashe kusan dala biliyan 2 an kuma haƙa rami na kilomita 23.

Su kuwa Turawa a cibiyar CERN da ke kusa da Jeneba sun bi hanyar mai haƙuri. Suna da rami mai kilomita 27 da suka haƙa don wata na'ura da ta fara aiki a 1989, kuma tun 1984 suke zama a kan abin da za su sa a ramin idan wa'adin waccan ya cika. A 1994 suka amince da gina sabuwar na'ura mai suna LHC a cikin tsohon ramin, ta fara aiki a 2008, kuma ranar 4 ga Yuli, 2012 aka sanar da gano ƙwayar Higgs, wadda da SSC ta rayu da ita ake sa ran za ta gano ta. Sannu ba ta hana zuwa. Amurka kanta a ƙarshe ta shiga aikin na Turai, Fermilab ta ƙera wasu daga cikin maganaɗisun LHC, ta kuma zama masaukin masanan Amurka da ke aiki a gwajin CMS na LHC.

Zaman iyali

Akwai ranar da ke zuwa wa kowane babban gida, ranar da shagon da ke bakin ƙofa, wanda hayarsa ke riƙe da gidan, ya daina kawo komai. Ga Fermilab ranar ita ce 30 ga Satumba, 2011. LHC ta riga ta sha gaban Tevatron, an nemi ƙarin shekara uku, Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce babu kuɗin, aka kira Helen Edwards ta danna maɓallin kashe na'urar da ta taimaka aka gina. Tambayar da ta rage ita ce: cibiya mai ma'aikata kusan dubu biyu, me za ta zama yanzu?

A shekarun da suka kewaye wannan rana masanan ba su da baki ɗaya. Kowane rukuni yana da nasa buri, kowa yana zuwa Washintan da takardarsa. An soke wani gwaji mai suna BTeV a 2005, kasafin 2008 ya zo da yankan da ya tilasta wa ma'aikata hutun dole ba albashi. Sun kasance kamar 'ya'yan gida da kowanne ke zagayawa ta bayan ɗan'uwansa ya sami mai ba da kuɗi, wannan ya ce a haƙa rijiya, wancan ya ce a fara bene, wata ta ce kicin ya fi gaggawa. Mai kuɗin da ya ji baki uku a kan gida ɗaya, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya rufe aljihunsa.

Maganin da suka samo yana da hawa biyu. Na farko taro ne da ake kira Snowmass, sunan wani ƙauye a tsaunukan Colorado inda aka fara yinsa a 1982. A nan kowa yana da bakin magana, daga babban farfesa har ɗalibi, kuma ba a hana kowa mafarki. Ana shafe shekara ɗaya ko biyu ana rubuce-rubuce, sannan a haɗu a tattara. Hawa na biyu kwamiti ne ƙarami da ake kira P5, wanda aikinsa ya fi ɗaci. Gwamnati tana ba shi ƙiyasin kuɗin da za a iya samu cikin shekara goma, ba ƙiyasi ɗaya ba: idan abubuwa sun yi kyau ga abin da za a samu, idan sun tsuke ga abin da za a samu. Kwamitin sai ya jera ayyuka a ƙarƙashin kowane hali, ya faɗi wanda za a yi, da wanda za a jinkirta, da wanda za a bari gaba ɗaya.

Wannan shi ne zaman da dattijon gida yake kira bayan sallar isha'i. A bar kowa ya faɗi abin da yake so, sannan a fito da takardar albashi a ajiye a tsakiyar tabarma. Idan an yi ƙarin girma a ofis, za a rufa ɗakunan baya a kuma haƙa rijiya. Idan ba a yi ba, rijiya kaɗai. Kowa ya ji da kunnensa, ba wanda zai ce daga baya an yi masa bazata.

Rahoton P5 na watan Mayun 2014, ƙarƙashin Steven Ritz, ya jera manyan tambayoyi biyar da za a bi, daga ƙwayar Higgs zuwa nauyin nutirino zuwa baƙin abin da ya cika sararin samaniya ba a ganinsa. Ya ce a ɗaga kason gine-gine zuwa kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na kasafi. Ya kuma ce wa wasu ayyuka a'a, har da shirin binciken na'urar gwara ƙwayoyin miyon, wanda mutane suka ba shi shekarun ƙuruciyarsu. Abin da ya ba rahoton ƙarfi shi ne abin da ya biyo baya: sama da masana 2,000 suka sa hannu a takardar goyon baya, cikinsu har da waɗanda aka hana. Majalisa ta ga baki ɗaya, kuma kasafin wannan fanni, wanda bai kai dala miliyan 800 ba a lokacin, ya haura biliyan 1 zuwa 2020. A ganina wannan shi ne darasi mafi tsada a duk labarin. Tsarin da kowa ya samu abin da yake so a cikinsa jerin buri ne kawai. Ana gane tsari na gaskiya ne idan wanda aka hana ya tashi daga zama yana kare hukuncin a waje.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Hukuncin da ya fi shafar Fermilab shi ne ta mai da kanta cibiyar duniya ta binciken nutirino. Nutirino ƙwaya ce da ba ta da cajin lantarki, nauyinta ɗan mitsitsi ne, kuma kusan ba ta taɓa komai. Tiriliyoyi daga cikinsu suna ratsa jikin kowannenmu a kowace daƙiƙa, mafi yawa daga rana, ba mu ji ba mu gani. Iri uku ce, kuma tana rikiɗa daga wani iri zuwa wani a kan hanya, binciken da ya jawo kyautar Nobel ta 2015. Masana suna zargin cewa a cikin wannan rikiɗa akwai amsar wata tsohuwar tambaya: a farkon halitta ya kamata a ce abu da kishiyarsa sun fito daidai wa daida sun cinye juna, to me ya sa abu ya yi saura har aka samu taurari da ƙasa da mu?

Domin a auna rikiɗar ana bukatar tafiya mai nisa. Shirin shi ne a harba nutirino daga Fermilab su ratsa cikin ƙasa, ba tare da an haƙa musu hanya ba, tsawon kilomita 1,300 zuwa garin Lead a jihar Dakota ta Kudu. A can akwai tsohuwar mahaƙar zinariya ta Homestake, inda Ray Davis ya fara kama nutirinon rana a ƙarshen shekarun 1960, aikin da ya ba shi Nobel a 2002. Za a sa na'urorin kamawa a zurfin kilomita 1.5, domin dutsen da ke sama ya tare hasken sararin samaniya da ke rikita awo.

A 2012, lokacin da Amurka take son yin aikin ita kaɗai, Ma'aikatar Makamashi ta ce kuɗin ya yi yawa, a rage. Da aka rage sai aka koma ga ƙaramar na'ura da za a ajiye a bisa ƙasa. Irin ragin da mai gini yake yi ke nan idan ya matsu, ya ce a cire rodi a rage siminti, a samu dai a rufa. Gida zai tashi, amma ba zai ɗauki abin da aka gina shi dominsa ba. Kwamitin 2014 ya ƙi wannan. Ya ce a rushe shirin a sake shi a matsayin aikin ƙasa da ƙasa, a kira abokan tarayya tun a teburin zane, Fermilab ta zama mai masauki. Sun tuna abin da ya faru a Teksas.

Haka aka haifi gwajin da ake kira DUNE, wanda yanzu yake da masana sama da 1,400 daga ƙasashe fiye da 30. An fara aiki a Dakota ta Kudu a watan Yulin 2017, kuma a farkon 2024 aka gama fasa kogunan, bayan an fito da dutse kusan tan 800,000. Kowane babban kogo ya haura mita 150 a tsawo. A ciki za a kafa manyan tankuna, kowanne zai ɗauki tan 17,000 na iskar agon da aka sanyaya ta zama ruwa, a sanyin digiri 186 ƙasa da sifiri. CERN, wadda a da take kishiya, ita ta gwada samfurin na'urorin a harabarta, kuma tana cikin masu samar da tankunan. A Fermilab kuma ana gina sabuwar na'urar ingiza furoton mai tsawon mita 215, PIP-II, da kayan da Indiya, Birtaniya, Faransa, Italiya da Folan suke ƙerawa. Wannan ya kawo kwano, wancan ya ɗauki nauyin ƙofofi, kuma duk wanda ya sa hannu yana da ɗakin sauka.

Tsohuwar ƙofa da hannun magina

Yayin da ake jiran babban gini, gida ba ya zama kufai. Dole a ci abinci, dole yara su je makaranta. Cibiyar da ta zuba komai a aikin da zai nuna bayan shekara 15 za ta wayi gari matasanta sun watse, domin ɗalibin digiri na uku ba zai jira shekara 15 kafin ya samu abin rubutawa ba. Don haka tsarin ya tanadi ƙanana da matsakaitan ayyuka da za su riƙa ba da sakamako a tsakani. Gwajin NOvA, wanda ke harba nutirino kilomita 810 zuwa arewacin Minnesota, ya fara a 2014 yana kuma horar da waɗanda za su riƙe DUNE.

Mai gini da dabara kuma ba ya zubar da tsohuwar ƙofa mai kyau. A 2013 aka ɗauko wani zoben maganaɗisu mai faɗin mita 15 daga cibiyar Brookhaven da ke jihar New York, wanda ya gama aiki a can tun 2001. Ba ya kwancewa, kuma idan ya ɗan lanƙwashe ya lalace. Aka ɗora shi a jirgin ruwa, aka gangara gaɓar gabas, aka zagaya Florida, aka hau koguna, sannan aka ƙarasa da babbar mota cikin dare, tafiyar kusan kilomita 5,000. Ɗauko shi ya fi gina sabo araha nesa ba kusa ba. Aka haɗa shi da tsoffin zoben da Tevatron ta bari, aka yi gwajin da ya auna halin maganaɗisun ƙwayar miyon da daidaiton da ba a taɓa kaiwa ba, aka fitar da sakamako a 2021 da 2023 da 2025.

Abin da ya fi ƙarfe da siminti wuyar mayarwa shi ne hannu. Masu walda bututun da ba ya yoyon iska, masu naɗa wayar maganaɗisu, masu sarrafa sanyin da ya kusa kai ƙarshen sanyi, ba a samunsu a kasuwa. Ana yinsu ne a bakin aiki, shekara da shekaru, yaro yana miƙa wa ubangidansa kaya har ya karɓi cokalin gini. Idan aka bar tazarar shekara goma ba a gina komai ba, tsofaffi za su yi ritaya ba su koya wa kowa ba, kuma ranar da kuɗi ya zo za a rasa wanda zai riƙe igiyar awo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda lissafi yake zamewa

Duk wanda ya yi gini ya san kuɗin da birkila ya faɗa ranar farko ba shi ne kuɗin da za a kashe ba. DUNE bai tsira daga wannan ba. Gyaran tsohuwar hanyar shiga mahaƙar da fasa dutsen sun fi yadda aka zata wuya, kason Amurka ya tashi har ya haura dala biliyan 3, kuma harbin nutirino da aka so farawa a tsakiyar shekarun 2020 ya koma farkon shekarun 2030. Jafan kuma tana gina nata babban gwajin, Hyper-Kamiokande, mai neman amsar tambayar da DUNE ke bi. Masu suka suna da hujja idan suka ce babban aiki yana tsotse abincin ƙananan, kuma bai kamata a rufe kunne ga wannan magana ba.

Bambancin wannan da Teksas shi ne an raba aikin zango-zango. Zangon farko zai kafa tankuna biyu ya kunna harbi, ya fara ba da sakamako, sauran su zo daga baya a cikin kogunan da aka riga aka fasa. A rufa ɗaki biyu a tare. Bayan haka, tsarin yana da ranar sake zama. Masana sun sake haɗuwa a Seattle a 2022, kuma a watan Disamba na 2023 sabon P5 ƙarƙashin Hitoshi Murayama ya fitar da rahotonsa, ya ce a ƙarasa abin da aka fara tukuna, a kare kuɗin bincike da na ƙananan gwaje-gwaje daga haɗamar manyan gine-gine, ya kuma sake rubuta abin da za a yanke idan kuɗi ya gaza.

Akwai tambayar da mai biyan haraji yake da haƙƙin yi: me wannan zai amfane ni? Amfanin da ake gani da ido yana nan. Bukatar Tevatron ta wayar maganaɗisu mai yawa ta taimaka wajen tayar da masana'antar da daga baya ta ƙera na'urorin hoton jiki na MRI. Wilson ne ya fara ba da shawarar kashe ciwon daji da furoton a 1946, kuma Fermilab ce ta gina na'urar asibitin Loma Linda da ta fara karɓar majinyata a 1990. Amma shi Wilson bai jingina da wannan ba. A 1969 Sanata John Pastore ya tambaye shi ko na'urar Fermilab za ta taimaka wa tsaron ƙasa, ya amsa cewa ba ta da alaƙa kai tsaye da kare ƙasa, sai dai tana cikin abubuwan da ke sa ƙasa ta cancanci a kare ta. Na yarda da shi. Al'ummar da ba ta iya fara aikin da jikokinta za su ƙarasa ba ta takaita rayuwarta ga abin da za ta ci yau.

Rahoton 2023 ya dawo da wani abu da na 2014 ya ajiye, wato na'urar gwara miyon. Miyon ya ninka lantarkon zarra nauyi sau 207, amma rayuwarsa ba ta wuce kashi biyu da ɗigo biyu cikin miliyan na daƙiƙa ba, don haka sai an tara su an daidaita su an ingiza su kafin su mutu. Babu wanda ya iya wannan tukuna. Kwamitin bai ce a gina ba. Cewa ya yi a kashe kuɗi kaɗan yanzu a kan bincike da gwajin samfuri, domin idan fasahar ta yiwu, na'urar za ta iya shiga kusan cikin filin da Fermilab take da shi tun 1967. Wannan ya nuna cewa "a'a" ta tsari mai kyau tana nufin "ba yanzu ba", kuma wanda aka hana a wancan zama yana da dalilin dawowa a wannan. Yawancin waɗanda suka rubuta shawarar sun san ba za su ga ranar kunna na'urar suna bakin aiki ba. Sun rubuta ta ne saboda an ɗora musu nauyin yanke hukunci a madadin mutanen da ba su iso wurin zaman ba, kuma duk mai riƙe da cibiya, ko ma'aikata, ko jami'a, da wannan ma'auni ya kamata a auna shi: me ya ƙarasa daga abin da ya gada, me ya yi ƙarfin halin ajiyewa, kuma wane zaɓi ya bar wa wanda zai gaje shi.